Maki 96 ya ja ni, na sayi wahala da kuɗina

Har yau in na hango faifan Elden Ring a kan kanta sai raina ya sosu. Haushin kaina nake ji, don babu wanda ya ce in saya.

Gem ɗin ya fito a watan Fabrairun 2022, masu sharhi suka yi ta zuba yabo, makinsa a Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, ya kai 96 cikin 100, ƙarshen shekarar kuma ya lashe kyautar gwarzon gem a The Game Awards. Ni da na ga 96 ɗin nan sai na ce magana ta ƙare. Ko bidiyo ɗaya ban tsaya na kalla ba. Na sayar da faifai biyu da nake bugawa kullum, na cika da kuɗin da na ware don gyaran babur.

Ina fitowa filin farko, Limgrave, na hangi wani mahayin doki sanye da sulke mai ruwan zinare. Na nufe shi da ƙarfin gwiwa. Duka biyu ya gama da ni. Ashe kewaye shi ake yi a wuce! Na lallaɓa har ƙofar ganuwar Stormveil, inda Margit, wani babban abokin gaba a gem ɗin, yake tsaye. Sati biyu ina wajen nan. Babu inda za ka rage wahalar wasan, kuma in ka mutu sau biyu a jere ba ka koma ka kwashe abin da ka tara ba, ya tafi ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu maɓallin tsayar da wasa. Ni mai shago ne, abin da nake da shi minti arba'in ne bayan isha'i. Yaro zai yi kuka, a ƙwanƙwasa ƙofa, na ajiye hannun gem na dawo na tarar an kashe ni. Mai sharhin da ya ba da makin nan aikinsa ke nan, zai wuni ya kwana a kai har hannunsa ya faɗa. Bai yi ƙarya ba, gem ɗin ya haɗu, ko ni na ga hakan. Amma da lokacinsa ya auna, ni kuwa na karanta 96 kamar da ni ake.

Ran nan ƙanena ya shigo ya same ni ina huci. Ya ce, "Yaya, hutawa kake ko jarrabawa kake rubutawa?" Ya zare faifan ya sa mana ƙwallo, irin wadda masu sharhi ke cewa kowace shekara abu ɗaya ne, makinta bai ko kusa da 96 ba. Muka buga har aka ɗauke wuta, ina ta ihu kamar yaro.

Yanzu kafin in fitar da sisi sai na kalli wani yana bugawa na rabin awa, in duba ko ana iya tsayarwa, in kuma da mai shi a unguwa na ara na kwana biyu. Babur ɗin dai sai bayan wata biyu ya ga bakanike.