Tsadar rayuwa da ciwon da magidanta ke ɓoyewa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin yawancin gidaje a Najeriya ya rikice. Litar mai da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai naira 500 cikin 'yan kwanaki, sannan ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ga kuma darajar naira da ta faɗi warwas bayan an bar kasuwa ta yi mata farashi. An yi ta magana kan abin da wannan ya yi wa aljihu, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓarnar da ya yi wa kwanciyar hankalin mutane.

Duk wanda ke zaune cikin unguwa ya san magidancin da ke sulalewa daga gida bayan sallar asuba don kada a tambaye shi kuɗin cefane, ba ya kuma dawowa sai ya tabbata yara sun yi barci. Ya san uwargidan da ta koma dafa afafata, shinkafar da a da ake ware wa kifi da kaji, tana kwana tana juyi a kan shimfiɗa saboda tunanin gobe. Mutanen nan ba za su ce suna fama da ciwon damuwa ba. Kemis suke zuwa da ƙorafin ciwon kai, faɗuwar gaba da rashin barci, a ba su ƙwaya su koma gida, yayin da saurin fushi ke cin zaman aurensu a hankali.

Talauci ba baƙonmu ba ne, sai dai a da idan mutum ya shiga matsi akwai wanda zai rufa masa asiri. Wannan karon matsin ya sauka a kan kowa lokaci guda: adashe ya watse, mai kanti ya rufe littafin bashi, ɗan'uwa ma'aikaci da dangi ke jingina da shi kuwa, ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, a lokacin da ƙyar kuɗin suke sayen buhun shinkafa. Mutumin da ya rasa wanda zai kai wa kuka shi ne damuwa ta fi yi wa illa, musamman idan ya buɗe baki aka ce masa ƙarancin tawakkali ne ke damunsa. Wannan hukunci yana ɓata mini rai, domin ba mu taɓa cewa mai hawan jini ya bar magani ya tsaya ga haƙuri kaɗai ba.

A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Asibitoci irin na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato sun yi wa mutumin ƙauye nisa, kuɗin motar zuwa ma ya gagare shi. Shi ya sa nake ganin ya zama wajibi gwamnatocin jihohi su horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye yadda za su gane alamun damuwa ga mai ƙorafin ciwon kai, su kuma tanadar musu magungunan a farashin da talaka zai iya.