Abin da auna saifar yara ya koya mini a ɗakin sikanin

Saifa tana gefen hagu na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari na 9 zuwa na 11, kuma huhu yakan rufe samanta, shi ya sa ɗaukar hotonta da na'urar sikanin yake buƙatar haƙuri. Babba ana iya ce masa ya riƙe numfashi, amma ɗan shekara 2 ba a yin wannan ciniki da shi. Na koyi in bar shi a cinyar mahaifiyarsa yana kwance ta ɓangaren dama, in ɗumama man shafawar a tafin hannuna, in dafa kan na'urar tsakanin haƙarƙari ta can baya, sannan in jira ya ja numfashi tsakanin kuka da kuka.

Darasin da ya fi nauyi shi ne tsawon saifa shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Santimita 7 ita ce kusan iyakar da ake yarda da ita ga ɗan shekara 1, alhali saifar matashi ɗan shekara 15 tana iya kai 12 ko 13 lafiya lau. Don haka ba na rubuta cewa ta kumbura sai na san shekarun yaron da tsayinsa, na kuma gwada ta da ƙodar hagu da ke kusa da ita. A wurarenmu maleriya mai yawan dawowa tana kumbura saifa, kuma sau da yawa tabon tsagar wanzami a gefen cikin yaro yakan gaya mini daɗewar matsalar tun kafin iyaye su buɗe baki.

Masu sikila su ne suka fi sa ni taka-tsantsan. Littattafai suna cewa saifarsu takan ƙanƙance ta daina aiki tun suna ƙanana, amma a nan ana ganin ta da girmanta har a yaran da suka tasa, kuma girman ba ya nufin tana kare su daga ƙwayoyin cuta. Idan kuwa aka kawo ƙaramin yaro mai sikila ya yi fari fat, ya galabaita, cikinsa ya kumbura farat ɗaya, to mai yiwuwa jini ne ya taru a saifar. A ganina bai dace irin wannan yaro ya zauna a layin sikanin ba. A fara duba jininsa a shirya ƙarin jini, ni in tura na'urar in same shi a gadonsa.