Ɗaukar samfur a kogi don gano wa ke cin wa

Ba na sa ƙafa cikin kogi sai na gama auna ruwan daga gaɓa: zafinsa, pH (wato ma'aunin tsaminsa), dagulewarsa da yawan oksijin. Taku biyu sun isa su tayar da laka su ɓata awo. Ina kuma rubuta ƙarfe nawa na auna, domin oksijin yakan yi ƙasa da asuba, bayan halittun ruwa sun kwana suna shaƙarsa, ya hau bayan azahar lokacin da gansakuka ke fitar da shi. Wuri biyu da aka auna ɗaya da safe ɗaya da yamma ba sa kwatantuwa.

Daga nan sai in fara daga gangare in yi sama, don lakar da na tayar ta bi bayana.

Ƙwarin ƙasan kogi da ragar Surber nake kama su, wato raga mai firam da ake kafawa a ƙasan ruwa. Firam ɗinta santimita 30 ne a kowane gefe, idon ragar kuwa rabin milimita. Ina juya bakinta ta fuskanci ruwa, in goge kowane dutse da hannu a gabanta, sannan in tona tsakuwar zuwa zurfin santimita 10. Idan firam bai zauna daram ba, ruwa yana bi ta ƙarƙashi ya tafi da ƙwarin. Idan kuma ganye ya toshe ragar, ruwa yana komowa ya fitar da abin da ya shiga. Ina ɗauka sau biyar a kowane irin mazauni, wato inda ruwa ke gudu kan duwatsu, inda ya kwanta, da cikin ciyayin gefe.

Babban kuskurena na farko shi ne zuba komai cikin etanol. Ƙwarin ƙidaya da tantancewa ne kaɗai ke shiga etanol mai ƙarfin kashi 70, shi ma a sauya shi washegari, saboda ruwan jikin ganye da laka yana tsinka shi har ƙwarin su ruɓe. Waɗanda za a auna musu kabon 13 da naitirojin 15 kuwa, wato nau'o'in kabon da naitirojin da ke nuna abin da halitta take ci, ina barin su da rai kwana ɗaya cikin tataccen ruwan kogin, cikinsu ya wofince, in ba haka ba abincinsu na jiya za a auna tare da naman jikinsu. Masu farauta daban ake ajiye su. Na taɓa haɗa tsutsar mazari da ƙananan tsutsotsi a kwalba ɗaya, kafin gari ya waye ta cinye kusan duka. Bayan cikinsu ya wofince a daskarar da su, a busar a digiri 60 na Selsiyos na awa 48, a niƙa, a auna kamar miligiram ɗaya.

Naitirojin 15 yana ƙaruwa da kusan 3.4 cikin dubu daga abin da aka ci zuwa mai cinsa, amma lissafin ba ya tashi sai an san tushe, wato yawansa a abincin da ke matakin farko. Shi ya sa a rana ɗaya, a sashe ɗaya, nake kankare gansakukar duwatsu da buroshin haƙori, in kwashi ruɓaɓɓen ganye, in tsinci dodon koɗi. Shi dodon koɗi a fitar da shi daga ɓawonsa, don kabon ɗin ɓawo yana karkatar da sakamako. Gansakukar da za a auna wa kulorofil, wato sinadarin da ke sa ta kore, kuma a naɗe ta kada haske ya taɓa ta, a sa cikin ƙanƙara.

Yanayin wurin nake aunawa daga ƙarshe: gudun ruwa a kashi shida cikin goma na zurfi daga sama, sai girman duwatsu 100 da nake ɗauka ba tare da na duba ba, don ido manya yake zaɓa. Takardar shaida da fensir nake rubuta ta in jefa cikin kwalbar samfur, domin etanol yana wanke tawada.