Ruwan tafkin tsauni ba ya bin kalanda

Aikin da na yi a wani gandun shaƙatawa da ke bakin tafki can saman tsauni ba wani babban aiki ba ne: bayar da hayar kwalekwale, auna zafin ruwa da safe, amsa tambayoyin baƙi. Wurin babu hayaniya, ba ya cikin waɗanda ake tururuwa zuwa gare su, don haka akwai sukunin zama a lura. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ruwa ke jan ƙafa a bayan sararin sama. Mutum zai taso daga gindin tsauni cikin zafi, ya iso yana gumi, ya ga rana ta ƙwalle a kan tafki, sai ya ɗauka bazara ta game ko'ina. Alhali ruwan da yake kallo bai gama sallama da hunturu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Sannan abin da ke cika tafkin dusar ƙanƙara ce da ke narkewa daga kololuwa, ta gangaro da sanyinta. Ruwa kuma ba ya saurin ɗaukar zafi. A farkon bazara, ranar da kowa ke yawo da riga mai gajeren hannu, ma'auni kan nuna ruwan bai kai digiri 10 ba. Ko da bazara ta yi nisa, saman ne kawai ke ɗumi. Ruwan ɗumi ya fi sauƙi, sai ya kwanta a bisa mai sanyi, ba sa gauraya. Shi ya sa mai iyo zai ji daɗi a ƙirji, ya miƙa ƙafa ƙasa ya ji kamar an yanke ta.

Yawancin mutane na zaton sanyi na kashewa ne a hankali, bayan an daɗe a ruwa. Maigidana a wurin aikin, dattijo mai ƙarancin magana, shi ya fara nuna mini cewa minti na farko ya fi komai haɗari. Da jiki ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi, mutum kan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, in kuwa kansa na ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da lambobi uku, 1-10-1: minti ɗaya na daidaita numfashi, kimanin minti goma kafin hannu da ƙafa su daina yi maka biyayya, kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Wannan awar kuwa sai mai rigar ceto a jikinsa ke cin moriyarta. Gwanin iyo da babu riga, hannuwansa ne za su fara yaudararsa.

Sanin wannan daban, sa baƙo ya yarda daban, kuma a nan na fi koyon aiki. Allon da aka rubuta "A yi hattara" ba ya tsayar da kowa. Ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Abin da maigidana ke yi shi ne ajiye bokiti cike da ruwan tafki a bakin rumfar kwalekwale. In saurayi ya ce, "Haba Baba, ai na iya ruwa, rigar nan takura ce kawai," ba ya musu da shi. Sai ya ce, "To yarona, sa hannunka a nan ka ƙirga talatin, sannan ka ɗaure mini wannan madaurin." Za ka ga yatsun sun yi jawur, suna zamewa a kan ɗan ƙarfen da yaro ma zai iya maƙalawa, saurayin yana dariyar yaƙe yana sake gwadawa. Daga nan shi da kansa zai ɗauki rigar. An ce gani ya kori ji, amma a bakin ruwa na ga taɓawa ta fi su duka.

Iska ma tana da lokacinta. Da safe tafkin lif yake. Da rana ta gasa gangaren tsauni, iska mai ɗumi ta tashi sama, ta kwari ta biyo bayanta, bayan azahar sai igiyar ruwa ta fara dukan gefen kwalekwale. Muna gaya wa masu tuƙi su nufi ɓangaren da iskar za ta fito tun da sauran ƙarfinsu, don ta koro su gida. Hadari kuma da yamma ya fi haɗuwa. Tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, kuma ba a komawa ruwa sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe.

Kaka ce lokacin da na fi so, kuma ina ganin an fi zaluntar ta, don baƙi na watsewa daidai lokacin da wurin ya fi daɗi. Yanzu abin ya juya: iska ta yi sanyi, ruwa na riƙe da ɗumin bazara, da asuba hazo na tashi daga samansa. Sauro ya tafi. Sannan wani abu na faruwa da ba a gani daga gaɓa sai an sani. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, don haka idan saman ya huce sai ya nutse, na ƙasa ya taso, iska ta taimaka, tafkin ya juye gaba ɗayansa. Wannan juyi ne ke kai iskar oksijin can ƙasa, kifin da zafi ya kora zurfi ya dawo kusa da gaɓa, masu fatsa su sha mamaki. Wasu kwanaki ruwan kan ɗan gurɓace, baƙi su zo da ƙorafin an zuba wani abu. Ni kuwa tun da na karanta labarin tafkin Nyos na Kamaru na daina raina wannan juyi. Shi ba ya juyawa, iskar kabon dayoksaid da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ta yi ta taruwa a zurfinsa, har a watan Agustan 1986 ta ɓalle lokaci guda ta hallaka mutane sama da 1,700.

A hunturu tambayar ɗaya ce: ƙanƙarar za ta ɗauke ni? Ƙa'idar da aka saba ita ce santimita 10 na sabuwar ƙanƙara garai-garai ga mai tafiya da ƙafa. Fara mai haɗe da dusa kuwa rabin wannan ƙarfin gare ta. Inda rafi ke shiga ko fita ba a amince masa ko da sauran wurin ya daskare, kuma dusar da ta lulluɓe saman tana hana ƙanƙarar ƙara kauri. Mafi yaudara ita ce ta ƙarshen lokaci: kauri na nan, amma ta ruɓe daga ciki, ta zama dogayen tsinkaye da ke wargajewa da taku ɗaya.

Duk da haka kowane tafki da halinsa. Tafkin Crater na jihar Oregon a Amurka na samun dusar ƙanƙara sama da mita 11 a shekara, amma saboda zurfinsa na mita 594 rabon da ya daskare gaba ɗaya tun 1949. Ƙaramin tafki marar zurfi a tsayi irin nasa zai rufe ruf kowace shekara. Shi ya sa abin da muka fi dogara da shi wani tsohon littafi ne da ma'aikatan da suka gabace mu suka bari, inda aka rubuta ranar da ƙanƙara ta watse kowace shekara, ranar da hanyar sama ta bushe, da zafin ruwa mako-mako. In wani ya bugo waya yana tambayar yaushe ya kamata ya zo, sai in fara tambayarsa me yake so ya yi. Mai son iyo ina tura shi ƙarshen bazara, mai fatsa kaka, mai son hawa kuma in ce ya bari taɓon narkewa ya bushe tukuna, don masu kauce wa caɓi su ne ke tattake ciyawar gefen hanya, ita kuwa a wannan tsayin sai ta yi shekaru kafin ta farfaɗo.