Tambayar da ta buɗe bakin dattijon Osaka

A watannina na farko a Osaka, abin da ke biyo bayan gaisuwa ne ya fi ba ni wahala. Mu in mun haɗu da mutum sai mu bi gidansa kaf: ina gajiya, ya iyali, ya yara. A Japan kuwa, wanda ba ku saba ba, ba a tarar sa da zancen aure ko 'ya'ya. To in an gama maganar zafi da ruwan sama, sai me? Malamarmu ta Japananci ta rubuta mana a allo: Go-shumi wa nan desu ka? Wato, me kuke yi don nishaɗi?

Shumi shi ne abin sha'awar mutum, desu na ladabi ne, ka na ƙarshe kuma shi ke mai da zance tambaya. Amma ɗan go ɗin nan na farko ya fi zauna mini a rai. Girmamawa ce da ake ɗora wa abin wani, ba a ɗora wa na kai. Ranar da aka tambaye ni a aji na amsa da go-shumi, malama ta girgiza kai a hankali. Nan take na gane, ai mutum ba ya ce wa kansa ranka ya daɗe. Haka kuma ba a cika ce wa babba anata, wato "kai", ba, sunansa ake kira a haɗa da san.

Daga baya malama ta ja mana kunne cewa tambayar tana da ɗan nauyi, har an san ta da zaman omiai, inda ake haɗa saurayi da budurwa don aure. Wanda ba ya dara irin ta shogi ko rubutun buroshi na shodo yana iya cewa ba shi da komai, hira ta mutu. Wadda ta fi taushi ita ce O-yasumi no hi wa nani o sarete imasu ka?, ranar hutu me kuke yi?

Ita na gwada a kan wani dattijo mai kula da injina a ɗakin bincikenmu, mutumin da wata uku ban ji ya wuce gaisuwar safe ta ohayo gozaimasu ba. Yana cin shinkafarsa, ya ajiye tsinkayen ya ce tsuri, kamun kifi. Na ce ii desu ne, abin sha'awa, tun yaushe? Sai ga waya ya zaro, hotunan jan kifin tai da ya kama a mashigin Akashi, asubar fari yake fita. Ni dai ina ta hai, so desu ka. Aizuchi suke kiran wannan, kuma bai yi mini baƙo ba, "to" da "haka ne" ɗinmu ne. In ka yi shiru sai a ɗauka ba ka tare da mai magana.

Da ya juyo da tambayar kaina, na ba shi labarin Argungu, yadda dubban masunta ke faɗawa ruwa lokaci guda da gora da homa. Ya buɗe hannuwansa biyu yana tambayar girman giwan ruwa. Na ce ya ƙara buɗewa.