Takardu biyu na gwajin jinin yaron Yaya

Ni aikina labo ne, wato ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, a nan Garwa ta Kamaru, kullum jinin mutane ne a gabana, amma sai da abin ya shigo gidanmu na ga yadda takarda ɗaya take kwantar wa uwa da hankali a lokacin da bai kamata ya kwanta ba.

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa, Yayata ta kira ni da yamma wai yaronta ɗan shekara 7 tun asuba yake kukan ciki, a daidai cibiya, ya yi amai sau biyu, ko kunu ya ƙi sha. Sun kai shi wani ƙaramin asibiti an ɗebi jini, palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya fito, fararen ƙwayoyin jini sun ɗan hau kaɗan, CRP kuma, gwajin da ke nuna kumburi a jiki, lafiya lau. Ta ce "ƙanina masassara ce kawai, an ba mu magani." Na ce Yaya yanzu ina yake nunawa da hannunsa? Ta ce ya koma gefen mara na dama, kuma da suna dawowa a moto duk ramin da suka faɗa sai ya yi ƙara. Gabana ya faɗi wlh. Na ce ki kawo shi yau, ta ce bari dai babansa ya dawo daga kasuwa a ga yadda zai kwana. Sai safiyar Talata suka iso, har yau ina jin ciwon rashin zuwa in ɗauko shi da kaina a daren.

Apandisit ne, wanda 'yan Najeriya ke cewa afendis. Ciwon ɗan wani hanji ne kamar yatsa a farkon babban hanji, in ya toshe sai ya kumbura, in aka bar shi ya wuce kwana ɗaya da rabi zuwa biyu haɗarin fashewa yana ƙaruwa sosai, mugunya ta zube cikin ciki. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 su ne ma aka fi samu ya riga ya fashe, don ba su iya faɗin inda ke musu ciwo ba.

To ga abin da nake so iyaye su gane game da jinin nan. Gwajin NFS yana ƙirga fararen ƙwayoyi, sojojin jiki kenan, su suna saurin tashi, in sun haura 10,000 musamman in nitirofil, wani iri daga cikinsu, ne suka yi yawa dokta yana saka wannan cikin lissafinsa, akwai ma wani ma'auni na Alvarado tun 1986 da yake haɗa wannan da amai da zazzaɓi da ciwon da ya tashi daga cibiya ya koma dama. Amma CRP fa hanta ce ke yin sa kuma ba ya gaggawa, sai an yi awoyi kafin ya fara hawa, ba ya kai ƙololuwa sai wajen kwana biyu, shi ya sa yaron da ciwonsa ya fara da asuba aka gwada shi da hantsi za a iya ganin CRP ɗinsa ƙalau alhali abu yana nan yana cin ciki. Takardar Lahadi ba ƙarya ta yi ba, da wuri aka tambaye ta.

Da na sake gwada jinin ranar Talata hannuna har rawa yake. Fararen ƙwayoyi sun yi sama, CRP ya ninka ya sake ninkawa, sannan sodiyam, gishirin jini, ya sauko ƙasa da 135. Wannan na ƙarshen mutane ba su cika kula da shi ba, amma a yara saukarsa yana yawan tafiya tare da fashewa. Dokta ya duba takardar, ya danna cikin yaron ya ji ya yi tauri kamar allo, aka yi ekografi, wato hoton ciki, ya juyo ya ce "Hajiya ina zargin ya fashe, kar a ba shi ko ruwa, yanzu za mu shiga da shi." Jinin ne ya sa ba a saka shi a layi ba, aka fara ƙarin ruwa da allurar antibiyotik tun kafin a shiga tiyata.

Shi kuma palu, a damina yara da yawa a nan in ka gwada za ka samu, kuma shi ma yana ɗaga CRP, haka taifot ma yana rikita lissafi, don haka fitowar palu ba ta wanke ciki ba. Kuma dan Allah a daina ba yaro maganin wankin ciki ko jiƙe-jiƙe in ciwon ya tsaya a dama.

Ya fashe ɗin kuwa. Aka wanke cikin aka saka masa roba, ya fi sati a kwance, kuɗin da aka kashe sai da babansa ya sayar da tumaki biyu. Alhamdulillahi yanzu ya koma makaranta, tabon yana nan a marar. Tun daga ranar duk jinin yaro da aka kawo min da ciwon ciki sai na fito na tambayi uwar ƙarfe nawa ciwon ya fara, na rubuta da biro a saman takardar kafin ta koma wajen dokta.