Ƙyallen da na hana yara sharewa

Ni tela ne a Fagge. In ka tambaye ni me na ɗinka ranar Talatar da ta wuce, kaftani zan ce maka. Laraba ma kaftani. Mutum zai shigo da shaddarsa daga Kantin Kwari, ya zaro waya ya nuna min hoton wani ango a Instagram, ya ce, "Maigida, irin wannan sak." In auna, in yanka, in tura wa mai aikin kwamfuta ya buga wuya. Kuɗi na shigowa, alhamdu lillahi, ba zan yi butulci ba. Amma akwai wani littafi da nake cikawa da zanen wuya da aljihu tun ina yaron shago. Ran nan na tarar an ɗora gwangwanin man keke a kansa, rabinsa ya jiƙe. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ko haushi ban ji ba.

Bayan Babbar Sallah kasuwa ta yi sanyi, ga shi an ɗauke wuta tun safe. Na rufe shago na tafi dubiya asibitin Murtala. Da na fito, maimakon in tari adaidaita, sai ƙafa ta ja ni karofin Ƙofar Mata. Haifaffen birni ne ni, na wuce wurin nan ba adadi, amma a raina wurin Turawa masu ɗaukar hoto ne. An ce tun 1498 ake rini a nan, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Yanzu ramuka da yawa sun bushe, wasu shara ta cike su.

Wani dattijo na tsugune a bakin nasa ramin. Ya tsoma yadi, ya ɗago, ya sake tsomawa. Yadin na fitowa kore-kore kamar ruwan kududdufi, da iska ta buge shi sai ya rikiɗe shuɗi ina kallo. Na daɗe a tsaye kafin na yi sallama.

Na ce, "Baba, ba ka gajiya da abu ɗaya kullum?"

Bai ko ɗago kai ba. "Wane abu ɗaya, yaro? Ganyen baba ne, mai ba da shuni, da toka da kanwa, haka muka gada. Amma ruwan jiya daban, na yau daban. Sai ka duba kumfarsa, ka shinshina, kafin ka san ko ya nuna."

Ya jawo wani yadi da mata suka ƙulle da zare a gida, ƙulli kusan ɗari, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce ko mai ƙullin ba ta san ainihin yadda zanen zai fito ba sai an kwance. Maganar nan ta tsaya min a rai. Ni shekara nawa ban yanka yadin da ban riga na ga ƙarshensa a wayar wani ba?

Washegari na ce wa yara kada wanda ya sake share farin ƙyalle. Bayan sallar asuba nake zuwa, kafin kowa ya iso, in zauna rabin awa ina ƙulle-ƙulle da ragowar zare. Na farkon da na kai aka rina, Allah ya sawwaƙe: ya fito kamar idon kifi. Ƙaramin yaron shagona ya yi dariya har da riƙe ciki, na daka masa tsawa, amma gaskiyarsa ce. Ƙullina ya yi sako-sako, shuni ya shige ko'ina. Sai a karo na huɗu na gane dole a ɗaure tamau har yatsa ya yi zafi.

Na yanki siriri daga wanda ya yi kyau, na sa a wuya da bakin aljihun wani farin kaftani nawa, na sa shi zuwa Juma'a. Bayan an idar, wani mai kawo min ɗinki ya riƙo hannun rigar, ya ɗauki hoto. Ranar Asabar sai ga shi da shadda yadi biyar.

"Maigida, irin wannan sak."

Na ce masa, "Alhaji, sak kam ba zai yiwu ba, sai abin da ƙulli ya bayar." Ya yi tsaki, ya ce mu teloli ba ma rabuwa da iyayi. Ya dai ajiye shaddar, ya ce Alhamis zai dawo.